Na bar shan maganin hanta tun shuka, har yau maiɗakina ba ta sani ba

Assalamu alaikum. Ni manomi ne, shekarata 36, ina wani ƙauye a gundumar Mayahi. Bara da kaka ɗana ya kwanta da masassara har jininsa ya ƙare, aka ce in ba shi nawa. Da aka auna sai aka ce ba za a ɗauka ba, ina da ciwon hanta nau'in B. Aka tura ni Maradi, aka yi mini awon jini da hoton ciki, likita ya ɗora ni kan wani magani mai suna tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum. Tafiyar farko kaɗai, da mota da awo da magani, ta ci mini fiye da jaka talatin. Na sha wata biyar. Da ruwa ya sauka kuɗi suka tafi wajen iri da taki da cimakar gida, ni kuma ba inda ke mini ciwo, sai na bari. Yau wata biyu ke nan. Inna ta karɓo mini jiƙo wurin wani mai magani da ya ce cikin kwana arba'in zai wanke ciwon tas, ina cikin sha. Yayana tun da ya ji ya raba kwano da ni, ya hana ƴaƴansa shiga ɗakina. Ganin haka ya sa na kasa faɗa wa maiɗakina, ga ta da ciki wata shida. Bayan girbi ina son tafiya cirani Nijeriya kamar yadda na saba. Shin dole ne in koma kan maganin alhali lafiyata ƙalau? Kuma yaya zan yi da iyalina?

Wani manomi, Mayahi

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara sauƙi, ya raya yaron nan da ya zama sanadin gano ciwon. Wanda ya bar magani don ya sayi iri ba sakarci ya yi ba, ciki da gona ne suka fi ƙarfin aljihu, kuma ba kai kaɗai ne hakan ke samu ba a wannan lokaci na shekara. Amma amsar tambayarka ta farko ba ta da kwana: e, dole ne ka koma wurin likita, kuma cikin satin nan, ba bayan girbi ba. Bari ka ji dalili, don in ka fahimce shi ba sai wani ya riƙa bin ka da tuni ba.

Hanta ba ta da saurin kuka. Tana iya lalacewa fiye da rabi mutum yana noma, yana cin tuwonsa, ba inda ke masa ciwo. Ka san yadda gara ke cin azara daga ciki, waje sumul, sai ranar da ɗaki ya rufta. Haka wannan cuta take: shekara da shekaru tana sa hanta kumburi a ɓoye, kumburin ya bar tabo, tabo ya taru har hantar ta taurare ta ƙanƙance, wani lokacin kuma ciwon daji ya fito a kanta. Ranar da ido ya yi rawaya ko ciki ya kumbura, an riga an yi nisa. Saboda haka "lafiyata ƙalau" ba ma'auni ba ne a nan. Ma'auni yana cikin takardar awo.

Shi kuma tenofovir ba ya tumɓuke cutar. Ƙwayar cutar tana ajiye irinta a can cikin hanta kamar yadda ƙuduji ke barin ƴaƴansa cikin ƙasa shekaru suna jiran gero. Aikin maganin shi ne ya hana ta hayayyafa. Muddin kana sha kullum, yawanta cikin jini zai yi ƙasa har na'ura ta kasa ganinta, hanta ta samu hutu, har tabon da ya riga ya fito yakan ragu a hankali cikin shekaru. Da ka bari kuwa, cikin ƴan makonni take sake yawa, garkuwar jiki ta taso mata, yaƙin ya faɗa kan hanta. Wannan tashin yakan zo ne cikin watanni uku zuwa shida na farko bayan an daina, kuma ga wanda hantarsa ke da tabo yana iya kai ta ga gazawa baki ɗaya. Kai yanzu wata biyu kake, wato kana bakin wannan lokacin. Shi ya sa na ce satin nan.

In ka je, ka faɗa wa likita gaskiya: ranar da ka daina, da abin da kake sha yanzu. Ka ɗebi jiƙon a gora ka kai masa ya gani. Kada ka ji kunyar cewa kuɗi ne suka yanke, don wannan maganar ce za ta sa ya tsara maka abin da za ka iya. Awon da ba a tsallakewa su ne waɗanda za ka ga an rubuta ALAT da ASAT, masu nuna ko hanta na cikin kumburi. Da NFS, inda ake ganin yawan ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda ke raguwa in hanta ta taurare. Da awon ƙoda, domin ta ƙoda tenofovir ke fita. Sai awon ƙanjamau. Wannan na ƙarshe kada ya ɓata maka rai. Tenofovir yana cikin magungunan ƙanjamau, kuma in mutum na da cututtukan biyu ya sha shi shi kaɗai, ƙanjamau ɗin yakan koyi guje masa. Don haka ake auna kowa kafin a fara ko a sake farawa. Waɗannan su ne masu sauƙin kuɗi, kuma ka tambayi majo, wato shugaban ƙaramin asibitin yankinku (CSI), ko ana yin su a asibitin gunduma, don ba kowane awo ne sai an kai Maradi ba.

Daga ASAT da yawan ƙwayoyin daskarar da jini likita na iya yin wani ɗan lissafi da ake kira APRI, wanda ke ba shi hasken yawan tabon da ke hanta ba tare da wata na'ura ba. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2024, in lissafin ya haura 0.5 ana ba da magani, in ya haura 1 ana zaton hanta ta fara taurarewa. Ka roƙe shi ya faɗa maka naka, ya rubuta maka a takarda, ya kuma faɗa maka dalilin da ya sa ya ɗora ka kan magani tun farko. Wanda ya san dalilin maganinsa ya fi riƙe shi. Awo mai tsada shi ne na ƙidayar cutar cikin jini. Yana da amfani ƙwarai, sau ɗaya a shekara ya isa ga mai shan magani, amma in kuɗi sun tsaya tsakanin shi da maganin wata uku, maganin za ka saya. Hoton ciki kuwa, in likita ya ga hanta ta taurare, ko in akwai wanda ciwon dajin hanta ya kashe a danginku, duk wata shida ake yi, don ƙullutun da aka gani yana ƙarami shi ne ake iya yi wa wani abu.

Yanzu maganar da ta kayar da kai, wato kuɗi. Kuskuren ba a damina ya faru ba, a kaka ya faru. Manomi sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara, magani kuwa kullum yake so, to sai a tsara shi yadda ake tsara rumbu. Ranar da ka sayar da wake ko riɗi ko gujiya, kafin kuɗin anko da na biki, ka cire na maganin wata shida ka saya a lokaci ɗaya, ka duba ranar lalacewarsa a jikin kwalba ta wuce lokacin da za ka gama shi. Na watannin shuka zuwa girbi kuma ka tsayar masa da wata kadara da kowa a gida ya san ta magani ce: jar akuya guda, wadda takan haifi biyu, ko buhun wake da ba za a taɓa ba sai farashi ya tashi da bazara. In akwai adashi a garinku, ka roƙi a sa ɗaukarka ta faɗo gab da saukar ruwa. Na yanzu, tsakanin yau da girbi, in sai an sayar da ɗan akuya ko an ci bashi wurin ɗan'uwa, a yi. Kwanciya ɗaya a asibiti da hanta ta tashi tana iya fin maganin shekara tsada.

Kuɗin mota ma ana rage shi. Ka roƙi likita ya rubuta maka takardar magani ta wata uku ko shida, ya haɗa maka awo da ganinsa a rana ɗaya, ya kuma ba ka lambar da za ka kira in an samu sakamako, kada ka biya mota don karɓar takarda kawai. Tsakanin ganin likita da ganin likita, direban motar kasuwa da ka amince da shi na iya karɓo maka magani a farmasi da takardarka. Farmasi na ce, ba faranti ko akwatin mai yawo da magani a rana ba, inda ba ka san abin da ke cikin ƙwayar ba. Ka tambayi farashi a wuri biyu ko uku, ka ce mai sauƙin kuɗi kake so wanda sinadarinsa ɗaya ne, tenofovir miligiram 300. In an rasa shi shi kaɗai, akwai wanda aka haɗa da lamivudine ko emtricitabine da ƙa'idar 2024 ta yarda a yi amfani da shi, amma likita ne zai canza maka, ba mai sayarwa ba. Dokar da za ka kafa wa kanka ɗaya ce: kwalba ƙwaya 30 ce, ranar da suka rage goma, ranar za ka fara neman ta gaba.

Shan sa ba wuya in ka ɗaura shi da abin da ba ka mantawa. Bayan sallar isha'i, da tuwon dare, ya fi dacewa da manomi, don da safe ana sammakon gona, kuma ko azumi ya zo ba abin da zai canza. In ka manta, ka tuna kafin awa 12 ta wuce, ka sha; in ta wuce, ka bari sai lokacin na gaba, kada ka haɗa biyu. In ka yi amai kafin awa ɗaya da sha, ka sake shan wata. Ka bar shi cikin kwalbarsa da ɗan ƙunshin nan mai tsotse laima, a rufe, a ɗakin ƙasa mai sanyi. Ba a son ya zauna inda zafi ya wuce digiri 30, mu kuwa a watan huɗu da na biyar zafinmu na haura 40, to aljihun riga da saman taga ƙarƙashin rufin kwano ba wurinsa ba ne. Ka riƙa shan ruwa sosai ranar aikin rana, saboda ƙoda.

Sai jiƙon Inna. Ka ajiye shi daga yau. Duk abin da ya shiga ciki, sassaƙe ne ko saiwa ko ƙwayar Bature, hanta ce ke tace shi, kuma akwai itatuwan da su kansu ke ƙona hanta. Ba ka san abin da aka jiƙa ba, ba ka san yawansa ba, ga hantarka a lokacin da ta fi rauni. In ta tashi yanzu, ko likita zai sha wuyar gane ko cutar ce ko jiƙon. Abin da ke sa masu irin wannan magani yin suna kuwa a bayyane yake. Mu duk rawayar ido shawara muke ce mata, alhali abubuwa da yawa ke kawo ta, kuma da dama daga cikinsu da kansu suke wucewa. Ko wannan nau'in B ɗin, babban mutum in ya kamu da shi sabo, fiye da 90 cikin 100 jikinsu ke kore shi ba da maganin kowa ba. Wanda ya sha jiƙo a wannan tsakanin sai ya ce jiƙo ne. Irin naka, wanda ya zauna a jiki, har yau ba a samu maganin da ke wanke shi cikin kwana arba'in ba, ko a Faransa ko a Sin. Haka masu kwalabe da lasifika a kasuwa, da masu kawo ƙwayoyin "wankin hanta" masu tsada.

Amma kada ka yi wa Inna gardama kamar ta yi laifi. Uwa ce ta ga ɗanta da ciwon da ba ta gane ba, ta yi abin da ta sani. In ka ƙwace mata jiƙo ba ka ba ta wani aiki ba, za ta nemo wani. Ka ce mata likita ya ce magani biyu ba sa haɗuwa a hanta, ka roƙe ta addu'a, ka kuma ɗora mata tuni: kullum bayan isha'i ta tambaye ka ko ka sha. Za ka ga ba wanda zai kai ta riƙo.

Ba jiƙo kaɗai ba. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake sha bayan an dawo gona, irin su diclofenac da ibuprofen, suna wahalar da ƙoda, haɗa su da tenofovir kuwa nauyi biyu ne, ga su da sa zubar jini a ciki ga mai taurarriyar hanta. Tramol ka yi nesa da shi. In ciwon kai ko masassara ta zo, paracetamol na miligiram 500, kada ya wuce ƙwaya huɗu a yini, na ƴan kwanaki, kuma masassara a je a auna. Maganin ƙarin jini ma sai likita ya rubuta. Duk ma'aikacin lafiyar da zai ba ka magani, ko na tari ne, ka fara faɗa masa kana da ciwon hanta. Giya da burkutu, ko kurɓi ɗaya, babu. Taba ma a bari.

Abinci kuwa, kada kowa ya sa ka yunwa. Ana yawan cewa mai ciwon hanta ya bar nama da ƙwai da mai, ya koma shan ruwan sukari. Wannan ramewa kawai yake kawowa. Ka ci tuwonka da furarka da nono, wake, zogale, kifi da nama in an samu. Gishiri sai in ciki ko ƙafa sun kumbura ake ragewa. Abin da ya kamata ka ji tsoro yana cikin rumbu da buhu: hunhuna. Gujiya da masara in suka sha laima, wata hunhuna na fitowa a kansu mai barin gubar da ake kira aflatoxin. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta, kuma in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B haɗarin ciwon daji yana ninkawa sau da yawa. A ƙasar gujiya irin tamu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ka tone gujiya a kan lokaci, ka shanya a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa tsirara ba, har sai ka girgiza kwanso ka ji ƴaƴan na ƙara, ka ɓara ɗaya ta ƙarye ƙaras a haƙori. Buhu a ɗora kan itace, kada ya jingina da bango. Wajen ɓara a tsince duk wadda ta yanƙwane, ta yi baƙi ko kore, ta fashe ko take ɗaci, a zubar. Abin da ake yi a gidaje da yawa shi ne a kai mai kyau kasuwa a bar tsintar don miya da ƙuli-ƙuli, wato a sayar da lafiya a ci gubar. A gidanka a juya lissafin. Ƙuli-ƙuli da tunkuzar da ba ka san gujiyarsu ba, ka rage.

Mu zo kan maiɗakinka, don a nan ne lokaci ya fi ƙurewa. Na gane tsoronka. Wanda yayansa ya raba kwano da shi dole ya yi tunanin abin da mata za ta yi. Amma shirun nan ba kai kaɗai yake shafa ba. Babba in ya kamu, mafi yawa jiki na korewa. Jariri in ya kamu wajen haihuwa, tara cikin goma cutar na zama musu ta har abada, kuma su ne ke zuwa da taurarriyar hanta suna tsakiyar ƙarfinsu. Abin da ke tare wannan kuwa ƙarami ne, amma yana da lokacinsa. Dole a auna maiɗakinka yanzu, a awon ciki na gaba, awon da ake rubutawa AgHBs, ɗigon jini ne a yatsa, sakamako cikin ƴan mintuna. In tana da ita, likita zai duba ko za ta sha tenofovir daga yanzu har haihuwa don a rage yawan cutar kafin jariri ya fito. Maganin ba ya cutar da ciki. In ba ta da ita, sai a yi mata rigakafi, allura uku, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida, kuma ana yi wa mai ciki. Kafin ta gama allurar, kwaroron roba.

Ko tana da ita ko ba ta da ita, jaririn na bukatar allurar rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa. Ba ranar suna ba, ba bayan arba'in ba. Wannan na nufin haihuwa a asibiti, ba a ɗaki ba, kuma tun yanzu ka tambayi majo da ungozomar asibiti ko suna da allurar ta ranar haihuwa. In babu, su faɗa maka inda za a saya da yadda za a ajiye ta cikin firjinsu kafin ranar, don allura ce da zafi ke ɓatawa, ƙanƙara ma na ɓata ta. Bayan ita sai allurai uku na sati 6, 10 da 14 da aka saba yi wa jarirai, waɗanda ke ɗauke da wannan rigakafin a ciki. Nono kuwa ta ba shi, ba ya hanawa. Sauran ƴaƴanku a duba katinsu na rigakafi, a kuma auna kowa sau ɗaya.

Yadda za ka faɗa mata: ka zaɓi dare, ku biyu, ba lokacin da rai ke ɓace ba. Ka fara da cewa an gano maka ciwon hanta lokacin jinyar yaro, akwai maganinsa, kuma abin da ya sa kake faɗa shi ne don a kare ta da abin da ke cikinta. Ka amsa laifin jinkiri kai tsaye, kada ka kare kanka. Tana da haƙƙin jin haushi, ka bar ta ta ji. Abin da zai fara zuwa ranta shi ne ko ka nemi mata a wajen cirani. Gaskiyar da likitoci suka sani ita ce a ƙasashenmu mafi yawan masu wannan ciwo tun suna ƙanana suka same shi, wajen haihuwa, ko wasa da yara masu ƙuraje da rauni, ko aska ɗaya da ta bi kawuna da yawa wajen aski, kaciya, tsaga da cire beli. In kana ganin bakinka ba zai iya ba, ka raka ta awo, ka roƙi majo ya yi muku bayani tare, a ɗaki a rufe. Sau da yawa magana daga bakin mai farar riga ta fi zama. Gara ta ji daga gare ka da ta ji daga bakin matar yayanka a bakin rijiya, don magana da ta shiga gida biyu ba ta daɗewa a rufe.

Yayanka tsoro ne ke damunsa, ba ƙiyayya ba, yana kare ƴaƴansa da abin da ya ji ana faɗa. Sai dai ya tsare ƙofar da ɓarawo ba ya bi. Cutar ba ta bin kwano ko moɗa, ba ta bin musabaha, tari, gumi ko cizon sauro. Jini take bi, da saduwar aure, da haihuwa. Abin da za a raba shi ne reza, aska, abin yanke farce, asuwaki da buroshi, allura da tsinken fidda ƙaya, don tana iya rayuwa a busasshen jini kwana bakwai ko fiye. Wanzami in ya zo, kowane kai da sabuwar reza, ƙaho kuma ka haƙura da shi. In ka ji rauni ka rufe, jinin da ya zuba a goge da ruwan Javel, wato bilic, kashi ɗaya cikin tara na ruwa. Jini kuma ba za ka sake bayarwa ba. Ga abin da shi yayan bai yi tunani ba: in tun yarinta ka samu, to ku da kuka fito ciki ɗaya, wanzami ɗaya ya yi muku aski, shi ma yana iya kasancewa da ita bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a 2022, kuma 13 cikin 100 kaɗai suka san suna da ita. Ka faɗa masa wannan da taushi, ba da gori ba, ka nemi shi da Inna da sauran ƴan ɗakinku su je a auna su. In ya ƙi saurarenka, ka nemi wani kawu ko limamin da yake jin maganarsa su je wurin majo tare. In kuma ya dage da raba kwano, ka ƙyale shi zuwa wani lokaci, kada ka sa zumunci ya tsinke a kan tuwo.

Cirani ban ce ka fasa ba, don da shi ake cike giɓin rumbu, har da kuɗin maganin. Amma lissafin wata ya nuna haihuwa za ta zo daidai lokacin da ayari ke tashi. Ka jinkirta har ta sauka, ka ga an yi wa jariri allurar nan da idonka. Sannan kada ka tafi sai awon hanta ya nuna ta kwanta bayan ka koma kan magani, kuma likita ya ce ka tafi. Ka ɗauki maganin da zai kai ka har dawowa da ƙarin wata ɗaya, ka ɗauki hoton takardunka a waya, ka ba abokin tafiya ɗaya labarin ciwonka. In magani ya ƙare a can, babban asibiti ko kantin magani mai rajista za ka nufa da takardarka, kuma kada ka karɓi ƙwayar wani mai ƙanjamau don an ce duk ɗaya ne. Nasu haɗi uku ne.

Ko a gida ko a can, akwai alamun da ba a kwana da su: ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar shayi, ciki ko ƙafafu su kumbura, aman jini, bayan gida baƙi kamar kwalta, ciwo mai nauyi ƙarƙashin haƙarƙarin dama, rama ba dalili, ko rikicewar hankali da barcin rana da rashin barcin dare. Wannan ta ƙarshen mutum ba ya gane ta a kansa, na kusa da shi ne ke gani, wani dalilin ke nan da ya sa maiɗakinka ta sani. In ɗaya ta bayyana, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne.

Motar kasuwa ta gaba da za ta shiga Maradi, ka kasance a ciki. Ka riƙo tsofaffin takardun awonka duka, da kwalbar maganin ko da ba komai a cikinta, da gorar jiƙon, da katin awon cikin maiɗakinka in kun riga kun yi maganar. Ka tashi da sammako don a ɗebi jinin da safe, a samu sakamako kafin motar ta juya. Allah ya ba ka lafiya, ya sauke ta lafiya.